Sitiyarin da Baba Sabo Ya Tsaya Jira

Ranar wata Talata ce da hantsi, ina cikin ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki, hannuwana cikin safa, wayata ta yi ta rawa a aljihu. A wurinmu ba a ɗaga waya in ana kan aiki, don haka na bar ta ta katse har sau uku. Da na fito baranda na duba, sai na ga sunan Istifanus, mai gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, a garejin da Baba Sabo yake, kuma abokin zamansa a ɗaki ɗaya a unguwar Najma, a nan Doha. Har na yi murmushi, don na ɗauka albishir zai yi mini cewa kayan motar da muke jira sun iso.

"Malam Nura, kana tsaye ne ko kana zaune?"

Na ce ina tsaye.

"Ka sami wuri ka zauna. Baba ya yanke jiki ya faɗi a gareji da safen nan. Mun kai shi asibiti, amma khalas, Malam Nura. Baba ya tafi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban sami wurin zama ba, bango na jingina da shi. Mutane suna ta wucewa ta gabana da katin aiki a wuya, kowa da yarensa, ba wanda zan tsayar in ce masa Baba Sabo ya rasu ya gane abin da na faɗa. Na koma ciki na ƙarasa aikin da na bari, saboda ban san wani abin da zan yi ba.

Washegari bayan la'asar, da aka kammala takardu, muka sallace shi. Ba mu cika sahu biyu ba. Akwai kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, da makanikai 'yan Sudan da Pakistan waɗanda suka zo da kayan aikinsu a jiki, da mu Hausawa 'yan ƙalilan. Istifanus, da yake shi Kirista ne, ya tsaya gefe da hularsa a hannu har aka idar, sannan ya bi mu maƙabarta. Mutumin da in a Jos ya rasu sai an rufe layin gidansu saboda jama'a, shi ne muka binne cikin 'yan mintuna, kowa yana duba agogo don motar kamfani ba ta jira. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

Malam Sabo mai wayarin mutumin Jos ne. Ya haura shekara sittin, ya fi shekara goma sha biyar yana gyaran wutar mota a Sana'iyya, unguwar gareji-gareji ta Doha. Ba dangina ba ne, ba kuma malamina ba. Na haɗu da shi a wani gidan abinci a Najma, lokacin ina da wata takwas a ƙasar nan ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Na ji wani dattijo a bayana yana waya yana faɗa a kan kwanon rufin ɗaki da aka sa wanda bai dace ba. Na juya na yi masa sallama. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai kuma ɗan wane gari ne, ka rame haka kamar ba a biyan ka albashi?" Na ce Zariya. Ya ce, "Ai na gani. Karatu ya cinye ka. Zauna." Tun ranar yake kirana Dakta, duk da na sha gaya masa ban kai can ba.

Ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba, kuma ba zan yi masa ƙarya don ya rasu ba. Yana da taurin kai, yana da faɗa, in ya ce aiki bai yi ba ko kafil bai isa ya sa shi ya saki mota ba. Bai yarda da kwamfutar gareji ba sai ya tabbatar da mitarsa. Kowace mota ta shigo hannunsa sai ya yago gefen kwali, ya rubuta doguwar lambar nan da ke ƙasan gilashin gaba, ya karanta ta da ƙarfi sau uku, ya rubuta abin da ke damun motar a ƙasa, ya rataye kwalin a ƙusa. Bangon kusurwarsa duk kwalaye ne. Abokan aikinsa suna tsokanarsa wai ya buɗe laburare. Yakan ce, "Ku yi ta dariya. Ni ba na sayen kayan mota da ido, da lamba nake saye." Akwai kuma wata maganar da yake yawan yi in mai mota ya fara kame-kame: "Bari in tambayi wayar wutar motar, ita ba ta jin kunyata."

Dole in faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa a ƙasar nan, in ba haka ba ba za a gane abin da ya yi mini ba. Ina da ciwon sikila. Tun ina ƙarami aka koya mini a gida cewa ba abin faɗa wa mutane ba ne, na kuma taho da wannan tarbiyyar har Doha, na ƙara mata tsoron kada a wurin aiki a riƙa yi mini kallon mara lafiya. Babban abokin gabata sanyi ne. Wanda bai zauna a nan ba zai yi dariya, ya ce wane sanyi a Qatar. To ɗakin da nake aiki kullum a sanyaye yake saboda abubuwan da muke gwadawa, awa takwas nake yi a ciki. In na fito yatsuna sukan ƙage, ciwo ya fara tsukar gaɓoɓin, kuma na san in ban ɗumama su da wuri ba abin zai hau hannu ya kwantar da ni. Ga kuma watannin ƙarshen shekara, da iskar teku take kaɗawa da safe har cikin ƙashi.

Motar da na saya ta hannu ce, an shigo da ita daga wata ƙasa mai ƙanƙara. A jikinta akwai wani ɗan maɓalli da in ka danna, sitiyarin zai ɗauki ɗumi. Wanda ya sayar mini har dariya ya yi da ya nuna mini shi, ya ce wannan kam ba shi da amfani a nan. Na taya shi dariya. Bai san saboda maɓallin nan na sayi motar ba. Kullum in na tashi aiki sai in shiga, in danna, in riƙe sitiyarin da hannu biyu na 'yan mintuna kafin in tayar zuwa unguwar Bin Omran inda nake zaune ni kaɗai. Shekara biyu ban kwanta asibiti ba. Zan iya cewa a duk garin nan, abin da yake riƙe hannuna ke nan.

Wajen ƙarshen zafi na bana sai ya daina. Fitilar maɓallin tana kamawa, amma sitiyarin sanyi ƙalau. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in kai wa Baba Sabo a ranar. Ban kai ba. Na yi ta tunanin yadda zan tsaya a tsakiyar gareji, mutane suna ɗigar da gumi, in ce na zo a gyara mini abin ɗumama sitiyari. Za a tambaye ni dalili, ni kuma ba ni da amsar da nake son bayarwa. Sati biyar na yi ina ɗumama hannu a kan kofin shayin karak mai zafi. Daga ƙarshe na yi wata dabara irin ta wanda ya yi boko amma bai san mota ba. Na je shagon kayan gyara ni kaɗai, na faɗi sunan motar da shekararta, na ce a ba ni sitiyari, da tunanin ai duk na irin motar nan ɗaya ne, ɗumin zai zo a ciki ba sai na ambata ba. Aka ɗauko mini sabo fil, kamarsa ɗaya da nawa. Na kai wa Baba na ce fatar tsohon ce ta fara saɓulewa, ina so a canza.

Ya karɓa. Ya daidaita tayoyin gaba suka miƙe, ya cire kan batir, ya ja kujera ya zauna. Na ce, "Baba, ina sauri fa." Ya ce, "Jakar iskar da ke tsakiyar nan ba ta san kana sauri ba. In na taɓa ta da sauran wuta a jiki, haƙorana za ka kwashe a ƙasa." Sai da ya ga dama ya tashi, ya zare jakar iskar ya ajiye ta fuskarta sama, ya yi alama da alli, ya kwance babban notin, ya ciro tsohon sitiyarin. Ya kifa shi a kan tebur kusa da sabon. Ya daɗe yana kallonsu.

"Dakta, zo ka gani. Wannan tsohon yana da wayoyi biyu masu kauri da ɗan fulogi nasu daban. Sabon naka ba shi da su. Wanda ka sayo na ƙasashen nan ne, ba mai ɗumi ba. Ba wanda yake ajiye mai ɗumi a shago a garin nan, wa zai saya?" Ya ɗora mitarsa a kan wayoyin biyu, allurar ba ta motsa ba. "Kuma fatar nan lafiyarta ƙalau. Zaren wutar da ke ƙarƙashinta ne ya tsinke. Kana amfani da shi ne?"

Na ce a'a, a sa sabon kawai.

Ya ɗago ya dube ni. Ba motar ya kalla ba, idona ya kalla, sannan ya kalli hannuwana da na soke a hammata. Ya juya ya ce wa Istifanus da wani makaniken da ke kusa, "Yalla, ku je ku sha shayi." Da suka fita sai ya rage murya.

"'Yata ta fari sunanta Talatu. Farin idonta irin naka ne. In sanyin Jos ya shigo, dutse nake sawa a bakin murhu, in naɗe shi a tsumma in ba ta ta riƙe. Shekararta goma sha tara ta rasu." Ya ɗauki sabon sitiyarin ya mayar da shi cikin kwalinsa. "Wannan ba zan sa maka shi ba, ko za ka yi fushi. Ka mayar musu."

Na karɓi kwalin. Har ya bar duniya bai taɓa kiran sunan ciwon a gabana ba. Ya mayar mini da tsohon sitiyarin don in riƙa zuwa aiki, ya yago kwali, ya fita ya kwafi lambar motar, ya karanta ta sau uku. Ya ƙirga haƙoran fulogin, ya ɗauki hotonsu, ya leƙa faifan wayar da ke bayan sitiyari ya tabbatar shi lafiyarsa lau kuma na mai ɗumi ne. Kwana uku ya yi yana fama da dillalin da ke yi musu odar kaya daga waje. Sau biyu ana turo masa hoton wanda za a aiko yana cewa ba shi ba ne, a juya masa bayansa ya gani. Na ji shi da kunnena yana ce wa mutumin cikin Larabcinsa na gareji, wanda rabinsa Hausa ne, cewa ba launi ya tambaya ba, wayoyi biyu ya tambaya. A na uku ya yarda. Aka ce sai an yi kamar sati shida kafin ya iso.

A makonnin jiran nan ne na fi saninsa. Duk Juma'a bayan an sauko sai ya kira ni mu ci abinci a Najma. Bai taɓa tambayata jikina ba. Abin da yake yi shi ne ya zaɓi teburin da ya fi nisa da esi, ya sa a kawo mini shayi tun kafin abinci, ya tura mini kofin ya ce, "Riƙe, ya yi mini zafi." Wata rana ya miƙo mini wata tsohuwar safar hannu ta ulu a leda, wai ya tsinta a cikin kayansa kuma ba ta shigarsa. Yakan ba ni labarin gidan da yake ginawa a Jos, da jikarsa da aka haifa bai gan ta ba sai a waya. Na tambaye shi yaushe zai je. Ya ce, "An kusa." Ban bi ba'asi ba, na ci gaba da cin shinkafata.

Kwana uku bayan jana'iza na je Najma taya Istifanus haɗa kayan da za a aika wa iyalinsa. Ɗakin gadaje huɗu ne, biyu a kan biyu, nasa na ƙasa ta wajen taga. Na tarar babu wani abin haɗawa sosai, domin akwatinsa a ɗaure yake tsaf a ƙarƙashin gado: turare, atamfa, dabino, da 'yan takalma ƙanana masu fitila a dunduniya. Na ce wa Istifanus kamar Baba ya san zai bar duniya. Istifanus ya ce:

"Ba haka ba ne, Malam Nura. Ai da tuni yana gida. Hutunsa tun farkon watan nan ne, har tikiti an yanka. Shi ya je wurin kafil ya ce a ɗaga masa zuwa bayan kayanka sun iso. Na ce masa, Baba, sitiyari ne fa, ni ma zan iya ɗaurawa. Ya ce in aka sake aiko da wanda ba shi ba, ni ba zan gane ba, kai kuma ba za ka yi magana ba."

Na zauna a bakin gadon. Na ƙirga sati biyar ɗin da na ɓata ina jin kunya. Da na kai masa motar ranar da ta lalace, da kayan sun iso tun kafin hutunsa, da ya ɗaura ya tafi. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na san ƙasar da aka rubuta wa mutum ita za ta karɓe shi, malamai sun gaya mini kuma na yi imani. Amma zuciya ba ta daina nuna mini shi a tsakar gidansa da jikarsa a cinya, tana sanye da takalman nan.

Kayan sun iso kwana tara bayan rasuwarsa. Na kai motar Sana'iyya ba don ina so ba. Kusurwarsa tana nan yadda ya bar ta, an dai sauke kwalayen motocin da aka gama, saura ɗaya a ƙusa. Istifanus ya ciro shi ya miƙo mini. Lambar motata ce a sama da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, sai adadin haƙoran fulogi, sai gargaɗin a cire batir a jira, kada kuma a juya faifan baya. A can ƙasa ya ƙara layi biyu: "A duba wayoyi biyu kafin a sa hannu a karɓa. Kada a ba Dakta mota sai an ji ɗumi da tafin hannu."

Muka buɗe kwalin, Istifanus ya kifa sabon sitiyarin a kan tebur. Wayoyin biyu suna nan. Ya yi aikin yana duba kwalin Baba a kowane mataki, har zaman jiran nan sai da ya yi a kan kujerarsa. Da ya gama ya mayar da batir ya tayar da mota, ya danna maɓallin, ya ɗora tafinsa. Can ya janye hannun ya fita daga motar ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Shiga ka ji." Bai tambaye ni me zan yi da ɗumi a Doha ba, sai ni na gaya masa, a tsaye a wurin. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa da bakina a ƙasar nan.

Da yamma na kira Inna Rabi, matar marigayi. Na riga na yi mata gaisuwa tun farko, amma wannan karon na gaya mata ni ne dalilin da ya sa bai zo ba. Ina jin kukan yarinya a bayanta, ta ce:

"Na sani, ɗana. Ya gaya mini akwai wani bawan Allah mai hannu irin na Talatu. Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi. Na ce masa shekara uku muna jira, yanzu kuma ƙarfen mota ya fi mu? Kwana biyu ban ɗaga wayarsa ba." Ta ja numfashi. "An dai sa abin?"

Na ce an sa.

"Yana ɗumin?"

Na ce yana yi, Inna.

"To alhamdu lillahi. Ka riƙa riƙewa da kyau. Ka kuma riƙa sa shi a addu'a."

Sanyi ya shigo yanzu. Juma'a in an sauko daga masallaci ba wanda yake kirana, nakan wuce ta Najma ban tsaya ba. Kullum in na tashi aiki ina shiga motar in danna maɓallin in jira, kuma a cikin 'yan mintunan nan da ɗumin yake ratsa yatsuna nake yi masa addu'a, tunda nan ne na fi tuna shi.

Ya Allah, bawanka Sabo ya zo gare ka daga ƙasar da ba tasa ba, ba ɗa a kansa ba mata. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Faɗansa da taurin kansa ka yafe masa, ka dubi amanar da ya riƙe a aikinsa da asirin da ya rufa mini. Ka haɗa shi da Talatu a Aljanna Firdausi. Ka ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu, ka raya jikar da bai ɗauka ba. Ka saka wa Istifanus da alheri. Ni kuma ka yafe mini sati biyar ɗin nan, ka sa iyalinsa su yafe mini. Yadda ya ƙi tafiya gida ya bar hannuna cikin sanyi, ya Allah kada ka bar shi shi kaɗai a inda muka kwantar da shi. Amin.